Ɗakin Yini Ɗaya na Usta Norbuta

A ƙauyen Talbulak, can cikin kwarin Fargana, duk gurasar da ka ci ka ji daɗinta, to a tanderun Usta Norbuta, wato Gwani Norbuta, aka gasa ta. Wannan kam ko wanda ba ya ga maciji da shi bai taɓa musu ba. Sana'ar gidansu ce tun kakanni: a kwaɓa yumɓu da gashin akuya, a murza, a lanƙwasa, a shanya a rana, mai saye ya zo da keken jaki ya ɗauki abinsa ya kai gida ya girka. Da Norbuta ya tsaya ga abin da hannunsa ya iya, da ba wanda zai ji kansa. To amma Allah ya haɗa masa hannu mai kyau da baki mai gudu, kuma kullum bakin ne a gaba.

Shekara biyu bayan girgizar ƙasar da ta rusa tsakiyar Tashkent, ya je can gaida ƙanwarsa, wadda aka ba sabon gida a hawa na huɗu. Kwana uku ya yi. Biyu daga ciki a bakin shingen wani filin gini ya ƙarar da su, dafe da hula yana kallon sama. Manyan motoci na shigowa da bangayen kankare a jingine, kowane da tagarsa a jiki. Sai ƙugiya ta sauko ta ɗauki bango guda kamar an ɗauki faifai, ta ajiye shi a mazauninsa, masu walda su bi su liƙe. Ranar farko ya ƙirga hawa biyu, washegari da yamma ya ƙirga uku.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma wanda ya isa gidan shayin Talbulak ya ɗan fi haka tsawo.

"Babban injiniyan da kansa ya hango ni," in ji Norbuta, ya naɗe ƙafafu a kan gadon katako yana juya kofin shayi. "Wani dogon mutum ɗan Mosko. Ya bar aikinsa ya zo bakin shinge ya ce, Usta, me ka gani? Na ce masa, ba laifi, kun fara ganewa."

Mamasali wanzami, wanda shagonsa ke manne da gidan shayin, ya leƙo da aska a hannu. "Da wane yare kuka yi hirar, Usta? Iya sanina Rashancinka bai wuce 'na gode' da 'nawa ne' ba."

"Masu sana'a da ido suke magana. Kai da sana'arka ƙeyar mutane kawai kake gani, ina za ka sani?" Ya kurɓi shayi. "Ku tsaya ma ku ji. Mene ne sabo a abin nan? A gina abu a wuri ɗaya, a ɗauka a kai wani wuri a girka. Tanderu fa? Tun kakana muke yin haka. Su sai yanzu suka farga, shi ne suke ta bugawa a jarida."

A can ƙarshen gadon akwai Usta Holmat, maginin gidaje, wanda rabin bangayen ƙasar Talbulak hannunsa ne. Mutum ne da ke iya yini bai yi magana goma ba. Kuma a lokacin akwai zance tsakanin gidajen biyu. Gayrat ɗan Norbuta, direban taraktar gonar haɗaka, yana neman Mohira 'yar Holmat, wadda ke tuƙa ƙugiya a sabuwar masana'antar bangaye da aka buɗe a birnin Fargana. Yaran na son juna, an kai gaisuwa, an karya gurasar alkawari. Sharaɗi ɗaya Holmat ya kafa: a gina wa ango da amarya ɗakinsu kafin a shiga cirar auduga. In an shiga cira ba mai lokacin biki, daga nan sai sanyi, ba a gini, sai kuma wata shekarar.

Holmat ya ajiye kofinsa. "Suruki, tunda zancen gini ya zo. Ka tara ƙasa, ni zan kira gayya. Sati uku ne. A ɗora layi, a bari ya sha iska, a ɗora wani."

"Sati uku?" Norbuta ya yi dariya har da buga cinya. "Wannan aikin zamanin kakanni ne, suruki. Ku shaida, jama'a. Zan yi bangayena a kwance a tsakar gida, in sun bushe in tayar da su. Daga fitowar rana zuwa la'asar ɗakin ɗana zai tsaya. Yini ɗaya."

"Da wane siminti?"

"Su da ba su san ƙasa ba su ne ke neman siminti."

Holmat ya dube shi, ya dubi rufin gidan shayi, ya ce, "To." Ya ɗauki takalmansa.

Da Norbuta ya isa gida, matarsa Tursunoy ta riga ta ji labari, don a Talbulak magana kan riga mai ita isa gida.

"Baban Gayrat, me na ji ka faɗa a gaban mutane?"

"Abin da za a rubuta a tarihin ƙauyen nan. Kawar da tabarmin nan, ina bukatar fili."

Filin da yake bukata shi ne inda rumfar inabinta take. Kafin azahar an sauke rumfar. Katakon da zai yi ma'aunin zuba bango kuwa, gadon katakon da suke cin abinci a kansa lokacin zafi ya ɓaɓɓalle. Tun daga ranar a ƙasa ake cin abinci a gidan, cikin rana, kaji na zagayawa.

Gayrat ya samu uban a gefe. "Baba, don Allah ka bar Usta Holmat ya yi. Saura wata biyu a fara cira."

"Wata biyu ai sai in gina maka unguwa. Kai dai ka tanadi taraktarka da igiya."

Bango na farko ya sha kwana tara a rana. Ranar da za a ɗaga shi don gwaji, Norbuta ya tara maza takwas daga maƙwabta, ya tsaya yana ba da umarni da hannu irin yadda ya ga ana yi wa mai ƙugiya a Tashkent. Suka sa hannu, suka yunƙura. Kowa ya miƙe tsaye riƙe da nasa guntun, tsakiyar kuwa tana kwance inda take.

Mamasali ya juya guntun da ke hannunsa. "Usta, kowa ya tafi da rabonsa gida ne, ko a nan za a ci?"

"Gwaji ne. A Tashkent ma sai sun fasa goma kafin su yarda da ɗaya." Ya tsuguna ya murje ɓaraguzan da yatsa, ya gyaɗa kai kamar likita. "Gashi ne ya yi kaɗan. Shi ke riƙe tanderu, shi zai riƙe bango."

Daga nan Talbulak ta shiga wani hali. Awakin Tursunoy guda biyar aka fara yi wa ƙwal-ƙwal, suka riƙa yawo a tsakar gida suna rawar ɗari cikin tsakiyar bazara, ko ƙofa sun ƙi fita don kunya. Aka warware tsohuwar shimfiɗar ulu da Tursunoy ta zo da ita gidan aure. Jakin maƙwabci ya wayi gari da wutsiya kamar sanda. Da duk wannan bai isa ba, sai Norbuta ya koma zama a ƙofar shagon Mamasali da buhu, yana share abin da ya zuba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya bi kansa da kallo.

"Kai ɗan'uwa, sumar nan ba ta dame ka da zafi ba?"

"Jiya na yi aski, Usta."

"An bar da yawa a ƙeya. Koma ya gyara maka."

Har ta kai tsofaffi in za su gifta ta gabansa sai su dafe gemu. Mamasali kuwa ya ce bai taɓa samun kasuwa irin ta wannan bazarar ba, kuma ya riƙa gaya wa kowa cewa in ɗakin ya tsaya, duk wanda aka taɓa yi wa aski a garin yana da gado a ciki.

Gashin ya yi aiki, wannan gaskiya ne. Bango na farko da aka sake zubawa bai karye ba, na biyu da na uku ma haka. Na huɗun ne ya ba da wahala, don shi ne mai ƙofa, kuma duk lokacin da ya bar gurbin ƙofar sai ya tsage daga kusurwa. Sau uku yana zubawa yana tsagewa. A na huɗu ya zuba shi a toshe, ya bar 'yar kafa kawai a ƙasa wadda kyanwa za ta iya bi.

"Ƙofar fa?" in ji Tursunoy.

"In ya tsaya a yanka. Bakin tanderu ma daga baya ake gyara shi."

Sai kuma wani abu da shi kansa bai lura da shi ba sai da ya yi nisa. Shekara arba'in hannunsa na lanƙwasa yumɓu, bai taɓa yin abu miƙaƙƙe ba. Kowane bango ya ɗan shafa shi ya tayar da gefe, rana ta zo ta ƙarasa. Da suka bushe, huɗun duka sun gantsare kamar ɓawon kankana.

Ran wata Lahadi Mohira ta zo hutu daga birni, Gayrat ya lallaɓo ta ta ga aikin ko za ta iya shawo kan uban. Ta gaida Tursunoy, ta zagaya bangayen a hankali, ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta tsuguna ta hango lanƙwasar da ido ɗaya.

"Baffa, sannu da ƙoƙari. Amma mu a wurinmu akwai rodi a cikin kowane bango, kuma da kunnuwan ƙarfe a gefe da ake haɗawa da walda. Waɗannan me zai riƙe su in sun tsaya?"

"Junansu. Kamar 'yan'uwa."

"Kuma a lanƙwashe suke. Kusurwa ba za ta haɗu ba."

"Da gangan ne, 'yata. Kin taɓa jin girgizar ƙasa ta kayar da tanderu? Kusurwa ita ce raunin gini. Wannan sirrin bai iso masana'antarku ba tukuna. Ki bari sai bayan biki in zo in yi wa shugabanninku bayani."

Mohira ta dubi Gayrat. Gayrat ya dubi awaki.

"To Baffa, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Ranar da za a tayar, kada kowa ya tsaya a ciki."

"Ji yarinya. Ni za a koya wa inda ake tsayawa?"

Ranar ta zo saura kwana ashirin da biyar a fara cira. Norbuta ya sa aka yanka rago, aka ɗora babbar tukunyar dafa-duka da karas da kitsen wutsiya, ya aika wa kowa har da shugaban gonar haɗaka. Tun rana ba ta fito ba mutane suka cika tsakar gida, waɗanda ba su samu wuri ba suka hau katanga da rufin maƙwabta. Usta Holmat ya zo da 'yar kujerarsa ya zauna a inuwa, ya ɗora hannaye a kan sanda.

Ƙugiyar Talbulak ita ce reshen tsohuwar bishiyar cinar da ya miƙo ta saman wurin, da igiya mai kauri da aka ratayo ta kansa, da taraktar Gayrat a ɗaya bakin. Norbuta ya sa sabuwar riga, ya sha ɗamara, ya samo wani jan ƙyalle ya ɗaura a sanda a matsayin tuta.

"In na ɗaga, ka ja. In na sauke, ka tsaya. In na kaɗa, ka saki a hankali."

"In ka yi duka ukun lokaci ɗaya fa, Baba, kamar yanzu?"

"Wannan ƙuda nake kora. Hau mota."

Tarakta ta yi gurnani, igiya ta miƙe, reshe ya yi ƙara. Bango na farko ya tashi daga ƙasa, ya yi lilo, ya share tulun ruwan Tursunoy da kejin kaji, sannan ya sauka a kan tushensa. Aka tokare shi da itace. Ga mamakin kowa, ya tsaya. Mutanen kan katanga suka yi tafi.

Norbuta ya juya wajen Holmat. "Suruki, a naka tsarin yanzu da ana ina?"

"Da ana jiƙa ƙasa."

"Ka ji ko."

Na biyu ya tashi, ya zo ya jingina da na farko. Da yake duka a gantsare suke, sai kawunansu suka sunkuyo ciki suka dafa juna. Na uku ma haka. Kafin azahar bango uku na tsaye, kuma wani abu ya fara bayyana wanda kowa ya gani ban da mai aikin. Aka fara ƙus-ƙus a kan katanga. Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Shi kuwa Norbuta tafin nan ya riga ya hau masa kai. Ya ce bango na ƙarshe shi ne mai wuyar saiti, dole sai daga ciki za a ga daidaitarsa, in ya kusa zama sai ya zame ya fito ta gefe. Mohira ta taso da sauri.

"Baffa, mun yi da kai."

"Koma inuwa, 'yata. Yau kallo ne naki."

Ya shige tsakiya, ya hau wani juyayyen bokiti, ya ɗaga tuta. Bango na huɗu ya taso yana tahowa a hankali. Ganin idon jama'a duk a kansa, ga shugaban gona a gaba, sai jawabi ya zo masa.

"Jama'ar Talbulak, yau kun ga abin da 'yan birni ke tinƙaho da shi. Gobe in an ce za a gina makaranta, ko asibiti, ko sabon gidan shayi, kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa."

"Baban Gayrat," in ji Tursunoy, "bangon fa."

"Kada ki katse ni, mace. Ba na neman lambar yabo. Amma in an matsa mini, ba zan ƙi ba. Shi kansa injiniyan Mosko ya ce da ni…"

Yana faɗa yana kaɗa hannu, tutar na hannun. Gayrat daga kan tarakta bangon ya tare masa komai, jan ƙyalle kawai yake hangowa ta sama yana kaɗawa. Ya yi abin da aka ce masa, ya saki a hankali. Bango na huɗu ya zauna daram, ya sunkuya ya dafa 'yan'uwansa. Sauran jawabin ya koma fitowa ta sama kamar daga cikin rijiya.

Kowa ya zuba ido. Ga abu a tsaye a tsakar gida, mai faɗin gindi da tumbi, ya tsuke ta sama ya bar zagayayyen baki, ga 'yar kafar iska a ƙasa. Mamasali ya sauko daga katanga, ya zagaya shi sau ɗaya, ya cire hula ya sosa kai.

"Jama'a, ni dai ba magini ba ne. Amma a gidanmu irin wannan gurasa ake gasawa a ciki."

Dariyar da ta tashi sai da tsuntsayen kan cinar suka watse. Wani ya faɗo daga katanga don dariya, aka ɗaga shi yana ci gaba. Shugaban gona ya juya baya yana goge ido da hula.

"Me ake wa dariya?" Muryar ta fito ta kafar ƙasa, da alama ya kwanta ne ya sa baki. "Aiki ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau ƙwarai, Usta," in ji Mamasali, ya tsuguna a bakin kafar. "Tunda kake sana'a ba ka taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Itace kawai muke jira."

"Wane itace? Ku kawo gatari a yanka ƙofa."

Wani saurayi ya ruga ya ɗauko gatari. Mohira ta tare shi, fuskarta ba alamar wasa.

"Kada wanda ya taɓa. Ba abin da ke riƙe da su sai nauyin juna. In aka sari ɗaya, huɗun za su rufta a kansa. Ku ja baya, ku janye mutanen da ke jikin itatuwan tokarar nan."

Nan dariya ta ɗauke. Tursunoy ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Daga saman bangon wata 'yar ƙasa ta zubo, sur, kowa ya ji saukarta. Muryar cikin ta sake fitowa, wannan karon ta sirance.

"'Yata Mohira, kina nan?"

"Ina nan, Baffa."

"Ba wai tsoro nake ji ba. Zafi ne a ciki."

"Na sani. Kada ka jingina da komai. Zan sauko maka da igiya ta sama, ka zura ta a ɗamararka ta baya, ka ƙulla sau biyu."

Ta hau bishiyar da kanta ta gyara zaman igiyar ta dawo daidai saitin bakin, ta sauko ta tsaya inda Gayrat zai gan ta sosai. Ba tuta, yatsu biyu kawai. Tarakta ta ja da baya kamar mai tafiya a kan ƙwai. Can sai ga hula ta ɓullo, sai kai, sai kafaɗu. A nan aka tsaya, don tumbin Usta ya fi bakin faɗi.

"Baffa, fitar da numfashi duka."

"Na fitar."

"Ka daina magana, shi ne zai fita."

Wannan ya fi komai yi masa wuya, amma ya yi. Ya zame ya fito fit, ya tashi sama, rataye ta ɗamara, hannuwa da ƙafafu na reto, fari fat da ƙura, yana juyawa a hankali yana fuskantar kowace unguwa bi da bi. Takalminsa ɗaya ya koma ciki.

Mohira ta dunƙule hannu, tarakta ta tsaya. Aka bar shi a nan.

"Sauke ni mana, 'yata."

Usta Holmat ya miƙe daga kujerarsa a karon farko tun safe, ya tako har ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai. Sai da ya jira juyin ya kawo fuskar Norbuta wajensa.

"Suruki, saura kwana ashirin da biyar."

"A sauke ni mu yi magana kamar manya."

"A nan ma ina jin ka. In kira gayya?"

Juyi ya tafi da shi. Da ya dawo ya ce, "Gyara kaɗan ya rage. In aka yanka ƙofa…"

Tursunoy ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Gayrat, kashe motar nan ka zo ka ci abinci. A bar shi ya sha iska, in ya so da yamma a sake tambayarsa."

Gayrat ya kai hannu ga makulli.

"A kira," in ji Norbuta da sauri. "A kira gayyar. Dama niyyata ke nan, in nuna muku sabon tsari sannan in bar wa tsofaffi su samu abin yi."

Aka janyo shi gefe da ƙugiyar tsinkar 'ya'yan itace, aka sauke shi a hankali. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya gyara ɗamara, ya karɓi hularsa, ya dubi jama'a. Mutum ɗaya cikin dubu ne zai iya buɗe baki a irin wannan wuri, kuma shi ne ɗayan.

"Duk da haka ku duba ƙarfinsa. Mutum ya fita ta samansa ko gezau bai yi ba." Ya kai tafin hannu ya ɗan bubbuga bangon, irin yadda ake bubbuga wuyan doki.

Bangon ya yi wani nishi. Ya saki na kusa da shi, na kusa ya saki na gaba, huɗun suka durƙusa ciki lokaci ɗaya. Ƙura ta turnuƙe gidan, gashi ya tashi sama ya riƙa sauka a hankali a kan jama'a, baƙi da fari da na jaki. Mai dafa abinci ya faɗa kan tukunya ya rufe ta da rigarsa. Da ƙurar ta lafa, sai ga Norbuta tsaye, hannunsa na nan a miƙe yana dafe da iska.

Mamasali ya cire wani farin gashi daga leɓensa ya duba. "Wannan na liman ne. Na gane shi."

Aka shimfiɗa tabarmi a kan titi aka ci dafa-dukar, don a gidan ba wurin zama. Mutane suka ce ba su taɓa cin mai daɗinta ba. Norbuta ya ci kwano biyu da takalmi ɗaya a ƙafa, yana bayyana wa na kusa da shi cewa laifin reshen ne. Da aka tashi, Holmat ya tsaya a kansa.

"Gobe da sassafe. Ƙasar nan taka mai kyau ce, za mu jiƙa ta mu sake kwaɓawa. Kai ne mai takawa. Ka zo da ƙafafunka, ka bar bakinka a gida."

Ƙafafun sun zo a kan lokaci, amma bakin ya biyo su. Kwana goma sha tara Usta Norbuta na cikin ramin laka har gwiwa, wando a naɗe, yana taka ƙasa yana koya wa 'yan gayya yadda ake miƙa ta, yana gyara wa Holmat riƙon igiyar awo, yana tsayar da masu wucewa ya gaya musu cewa shi ke duba aikin. Ɗaki ya tashi da kusurwa huɗu da ƙofa da taga biyu, aka yi biki saura kwana uku a shiga gona, aka yi rawa har ƙafafu suka gaji.

A wurin bikin ne shugaban gona ya yaba wa Holmat, ya ce bai taɓa ganin ya yi bango miƙaƙƙe kamar wannan ba, kuma ya yi mamakin haƙurinsa, kwana goma sha tara ana yi masa surutu a ka bai tanka ko sau ɗaya ba. Holmat ya dube shi yana murmushi, bai amsa ba. Shugaba ya maimaita da ƙarfi. Sai tsohon ya ce, "Af, yi haƙuri," ya sa yatsa ya zaro dunƙulen auduga daga kunnen dama, ya zaro wani daga na hagu. Can ya hango Norbuta ya miƙe tsaye da kofi a hannu yana gyaran murya zai yi wa ango da amarya jawabi. Ya dubi audugar, ya mayar da ita inda take.